Ɗan harafin da ke bayan lamba: inda masu karanta mita ke tuntuɓe

Yawancin yaran da ke koyon gyaran rediyo, fanka da caja a Katsina sun iya karanta lamba. Abin da ke kayar da su shi ne ɗan harafin da ke biye da ita.

Mafi muni shi ne haɗa m da M. Ƙaramin m mili ne, kashi ɗaya cikin dubu. Babban M kuwa mega ne, miliyan guda. Resista mai 1MΩ om miliyan ɗaya ce, shi kuma 500mA rabin amfiya ne kacal. In za ka rubuta wa yaro saƙon kayan da zai sayo a babbar kasuwa, rubuta harafin yadda yake.

Sai dai masu ƙera kaya ma sun ƙara dagula lissafin. Kafasitar fankar silin takan zo da rubutun 2.5 MFD. Wannan M ba mega ba ne, tsohon salon rubuta maikro ne, wato 2.5µF, kuma maikro kashi ɗaya ne cikin miliyan.

Ƙananan kafasita masu kama da ƙwayar magani su suka fi ruɗa mutane. Ka ga 104 a jiki, ka ɗauka ɗari da huɗu ne. A'a. Goma ce da sifili huɗu a bayanta: 100,000pF, wato pikofarad (farad shi ne ma'aunin kafasita). Raba da dubu, ka sami 100nF, wato nanofarad. Sake rabawa da dubu, ka sami 0.1µF. Abu ɗaya ne da suna uku, shi ya sa mai shago zai ce babu alhali tana cikin durowarsa. Daga piko zuwa nano, zuwa maikro, zuwa mili, kowane tsani dubu ne. Matsar da ɗigo gida uku kawai.

A resista, harafin kan zauna a gurbin ɗigo: 4k7 om 4,700 ne (k kilo ne, wato dubu), 4R7 kuwa om 4.7.

Ita ma mitar gwajin kayan wuta (multimita) ba ta faɗa maka komai kai tsaye. Ka saita ta a 20k, fuskarta ta nuna 4.70, to om 4,700 take nufi. In ta nuna 1 shi kaɗai a gefen hagu, ko OL, kada ka yi saurin jefar da resistar. Nufinta abin ya wuce iyakar saitin. Ƙara saitin zuwa 200k tukuna. Ramin mA kuma, inda ake soka wayar gwaji, a yawancin ƙananan mita iyakarsa 200mA. Ka auna wuta mai amfiya 2 ta nan, fiyus ya tafi. Ramin 10A ne wurinta.

Masu sayen sola su kula da batir. Fawa bank mai 20,000mAh amfiya-awa (Ah) 20 ne a bolt 3.7, kimanin wat-awa 74 (74Wh). Batirin inbata mai 200Ah a bolt 12 yana da 2,400Wh, wato 2.4kWh, kusan yunit biyu da rabi na mitar KEDCO. Lambar farko ta fi cika ido, amma wutar da batir na biyu ke riƙewa ta ninka ta na farko sau talatin da ɗoriya. Kafin ka kwatanta batir biyu, ninka Ah da bolt.