Wanda ya ci gwanjo a eBay ya ce ya fasa: kurakuran da masu sayarwa suka fi yi

Gwanjon intanet yana da wani ciwo da cinikin tsayayyen farashi ba shi da shi. Ka sa kaya na kwana 7, mutane sun yi ta tayi, a daƙiƙun ƙarshe wani ya ɗaga ya cinye, washegari kuma sai ga saƙonsa wai ya fasa. Ko ya ce yaronsa ne ya danna wayar, ko bai lura da kuɗin aike ba, ko ya samu irinsa da rahusa a wani wuri. Sauran masu tayi sun watse, mako guda ya tafi a banza, kuma babu tabbacin kayan zai sake kai wancan farashin. Ɓacin ran mai kaya a nan yana kan hanya. Sai dai yawancin asarar da masu sayarwa ke tafkawa tana zuwa ne daga abin da suka yi da hannunsu bayan saƙon ya iso.

A ƙa'idar eBay, kasuwar saye da sayarwa ta intanet, tayi alkawari ne, wanda ya ci gwanjo wajibi ne ya biya, in ban da 'yan rukunoni kamar gidaje da motoci. Amma in mai tayi bai ba da katin biya tun kafin tayi ba, kamfanin ba shi da hanyar ciro kuɗi daga aljihun wanda ya ƙi biya da gangan, iyakarsa ya sa masa tabo a asusu. Wanda ya riƙe wannan a ransa zai kauce wa rabin kurakuran da ke tafe.

Babban cikinsu shi ne tilasta ciniki. Mai saye ya riga ya biya, ya turo buƙatar sokewa, kai kuma kayan na nan a gabanka ko kwali ba ka naɗe ba. eBay ya ba ka kwana 3 ka amsa ko ka ƙi, kuma kana da ikon ƙin. Da yawa sukan ƙi, su garzaya gidan waya su aika, suna ganin sun yi nasara. A ce tsohuwar kyamara ce ka sayar a kan dala 180. Ta isa hannun mutumin da ya riga ya gaya maka ba ya so. Zai juya ta sama da ƙasa, ya haska fitilar waya cikin gilashinta, ya gano ɗan ƙura ko wani ƙarce da bai fito a hoto ba, ya buɗe ƙorafi cewa kayan bai dace da bayanin da ka rubuta ba. Garantin mayar da kuɗi na eBay ya ba shi kwana 30 daga ranar da kaya ya isa, kuma a irin wannan ƙorafi kai ne za ka biya kuɗin dawowa, ko da ka rubuta ɓaro-ɓaro cewa ba ka karɓar kaya in an saya. Ka biya kuɗin zuwa, ka biya na dawowa, kyamara ta sha jijjiga sau biyu a hanya, wata guda ya wuce, ga kuma mummunan sharhi da zai iya bari a shafinka. Da ka sallame shi tun ranar farko, da abin da ka rasa mako guda ne kawai.

Ga 'yan'uwa masu sayarwa daga Birtaniya ko ƙasashen Tarayyar Turai da rajistar kasuwanci, maganar ta wuce ƙa'idar kamfani ta zama ta doka. Mai saye daga nesa yana da kwana 14 bayan karɓar kaya ya fasa ba tare da ya ba da dalili ba, kuma gwanjon eBay bai fita daga wannan ba. A Birtaniya dokar ta 2013 ce. Wanda ke sayar da kayan gidansa jefi-jefi ba ta hau kansa ba, amma ɗan kasuwa da ya ƙi sokewa yau za a iya dawo masa da kayan daga baya ko yana so ko ba ya so.

Ni dai ra'ayina, muddin kaya bai bar hannunka ba, ka sallame shi. Malamanmu sun daɗe suna karantar da falalar iƙala, wato ka yarda a warware ciniki idan abokin cinikinka ya yi nadama, kuma hadisin da Abu Dawud ya ruwaito ya yi alkawarin Allah zai yafe tuntuɓen wanda ya yi haka. A wannan gaɓa lissafin kasuwa da koyarwar addini sun zo daidai. Inda ƙin ya dace shi ne idan ka riga ka aika. Nan sai ka rubuta masa cikin ladabi cewa kaya yana hanya, ga lambar bin sawunsa, in ya isa ya bi hanyar mayarwa. Kada ka mayar da kuɗi alhali kayan na tafe zuwa gidansa, don za ka iya rasa biyun.

Kuskure na biyu ƙarami ne a ido, danna ɗaya ne, amma ya fi cin mutane a ɓoye. Idan ka zo sokewa, eBay zai tambaye ka dalili, ya jero maka zaɓi: mai saye ne ya nema, ko akwai matsala a adireshinsa, ko bai biya ba, ko kaya ya ƙare ko ya lalace. Mutum yana cikin fushi, yana son ya rabu da maganar, sai ya danna na kaya ya ƙare. To wannan na ƙarshen laifin mai sayarwa ne a lissafin kamfanin, ana rubuta shi a matsayin aibi a asusunka. Wanda aibinsa ya haura kashi 2 cikin 100 na cinikinsa yana iya faɗawa ƙasa da matakin da ake buƙata, daga nan kayansa su daina fitowa sama a bincike, la'adar da ake cira ta ƙaru. Masu sayarwa da eBay ya ba babban matsayi kuwa kashi 0.5 ne iyakarsu. Ga wanda ke sayar da kaya ɗaruruwa a wata, ɗaya ba komai ba ne. Ga mai ɗan ciniki kaɗan, 'yan kaɗan sun isa su yi masa illa. Gyaran mai sauƙi ne: ka zaɓi dalilin gaskiya, kuma ka tabbata buƙatar mai sayen tana rubuce a akwatin saƙon eBay. In ta waya ya gaya maka, ka ce ya turo a rubuce ta can kafin ka taɓa komai.

Akwai kuma masu juya abin. Gwanjo ya ƙare a farashin da bai yi musu ba, sai su soke su ce mai saye ne ya nema, alhali bawan Allah yana zaune yana jiran kayansa. Wannan ƙarya ce, kuma eBay yana sanar da mai sayen dalilin da aka zaɓa, yana iya kai ƙara. Wanda ba zai iya sallama kaya a dala 20 ba, kada ya fara gwanjonsa daga dala 1.

Sai rikita wanda ya biya da wanda bai biya ba. Mai cin gwanjo yana da kwana 4 ya biya. In sun cika shiru, kana iya sokewa da dalilin rashin biya, la'adar da aka lissafa maka ta faɗi, shi kuma a rubuta masa tabo. Taruwar irin wannan tabo ne ke sa wasu masu sayarwa su toshe shi, har kamfanin ya taƙaita asusunsa. Saboda haka idan wanda bai biya ba ya rubuto yana roƙon a soke, hanya biyu ce a gabanka: ka soke nan take a matsayin shi ya nema, ya tafi ba tabo, ko ka jira kwanakin su cika. A nan nakan duba mutum. Wanda ya rubuto cikin awa ɗaya ko biyu, ya ba da haƙuri, ya faɗi uzurinsa, a sake shi ya tafi, kai ma ka samu mayar da kayanka kasuwa da wuri. Wanda ya yi ta ɗaga tayi yana korar mutane, ya ci, ya ɓace, ka tura masa tunatarwa bai amsa ba, wannan a bar tsarin ya yi aikinsa. Sassauta masa cutar da mai sayarwa na gaba ne. Abin da bai kamata ba shi ne ka bar cinikin a buɗe ka manta da shi, domin damar sokewa kwana 30 ce daga ranar ciniki.

Kada kuma ka sake sa kayan a kasuwa kafin sokewar ta kammala. Yana faruwa mai sayen farko ya canza shawara a rana ta 3 ya biya, alhali wani ya riga ya saya a sabon tallan. Kaya ɗaya, masu shi biyu, dole ka soke wa ɗaya da dalilin kaya ya ƙare, ka jawo wa kanka aibin da kake gudu.

Maganar mayar da kuɗi gajeriya ce amma ba ta da sassauci. Ta cikin eBay kuɗi ya shigo, ta nan zai koma, zuwa katin ko asusun da aka biya da shi. Duk wanda ya ce katinsa ya samu matsala, a tura masa ta banki ko ta wata manhaja ko a saya masa katin kyauta, ka tsaya cak. Sananniyar damfara ce: ya biya da katin sata, ka mayar masa da kuɗinka na halak ta wata hanya, bayan makonni mai katin na gaskiya ya kai ƙara banki, a sake cire kuɗin daga wurinka. Haka nan wanda ya ce a soke a nan a ƙarasa cinikin a waje don a guje wa la'ada. Ranar da abu ya lalace ba ka da wurin kai kuka, kuma kamfanin yana rufe asusu a kan haka. Cire wani abu daga kuɗin da sunan tarar ɓata lokaci shi ma babu shi a tsarin, sokewa kafin aike cikakken kuɗi ake mayarwa.

Fushi a rubuce ma kuskure ne da ake yawan yi. Tun 2008 eBay ya hana masu sayarwa ba wa mai saye mummunan sharhi, sai mai kyau ko shiru. Wasu sai su danna mai kyau su cika shi da zagi da gargaɗi. Wannan saɓa ƙa'ida ne, za a goge, kuma kai za a ja wa kunne. Duk abin da ka rubuta a akwatin saƙo ma'aikacin kamfanin zai iya karantawa ranar da aka yi jayayya. Layi biyu sun wadatar: na ga saƙonka, na soke, kuɗinka zai koma ta inda ya fito. In kana ganin mutumin ya saba wannan hali, akwai wurin kai rahoton mai saye, akwai kuma jerin waɗanda ka toshe, ka sa sunansa a ciki kada ya sake yi maka tayi.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda ake mantawa da mutum na biyu. Wanda ya yi tayin dala 175 aka doke shi da 180 yana son kayan nan da gaske, wataƙila har yanzu yana cizon yatsa. eBay ya ba ka damar tura masa tayin dama ta biyu a kan farashinsa na ƙarshe, har zuwa kwana 60 bayan rufe gwanjo. Amma zafi-zafi ake bugun ƙarfe, in ka bari mako ya wuce ya riga ya saya a wani wuri. Ka kammala sokewar farko, ka tura ta cikin tsarin a ranar. Ka sani kuma wasu masu saye suna ɗari-ɗari da irin wannan tayi, saboda akwai masu sa aboki ko ƙani ya yi ta ɗaga farashi, in ya ci sai a ce ya fasa, a koma wa na biyu a kan mafi tsadar abin da zai iya biya. Wannan shi ne najashu da Annabi (SAW) ya hana, eBay ma yana korar mutane a kansa, wasu ƙasashe kuma laifi ne a doka. In hannunka tsabta ne, ka bar tarihin gwanjon ya yi maka shaida, kada ka matsa wa na biyun in ya ce a'a.

Wani lokaci saƙon yana zuwa tun gwanjo bai rufe ba, mai tayi ya ce ya yi kuskure, ya rubuta 500 a maimakon 50. Shi kansa yana iya janyewa a kan irin wannan kuskure, sai dai in saura ƙasa da awa 12 a rufe, tayin da ya yi cikin awa ɗaya da ta wuce kaɗai zai iya janyewa. Kai kuwa kana iya soke tayinsa. Ka soke da wuri, don kowace awa da wannan tayin ya zauna a sama yana korar masu saye na gaskiya.

Sauran aikin tun kafin a fara gwanjo ake yin sa. A cikin saitin asusunka akwai inda za ka hana tayi daga waɗanda aka soke wa ciniki sau 2 ko fiye saboda rashin biya, da waɗanda ke ƙasashen da ba ka aikawa. Akwai inda za ka sa a riƙa soke cinikin da ba a biya ba da kansa in kwana 4 sun cika. Ka rubuta kuɗin aike a fili, ka ɗauki hoton kowane ƙarce da tsaga, ka faɗi awo da nauyi, domin mafi yawan masu fasawa abin da ba su gani ba tun farko ne ke korar su. Kayan da ka san farashinsa a kasuwa, kamar waya ko kwamfuta, sau da yawa bai ma buƙatar gwanjo: ka sa masa tsayayyen farashi, ka kunna sharaɗin biya nan take, kayan zai ci gaba da zama a kasuwa har sai kuɗi ya shigo.