Kurakuran da masu tallar kaya a waya ke ta maimaitawa

Wallahi na gaji da ganin abu ɗaya kullum. Watan nan kaɗai mutum uku suka same ni a shago, kowa da wayarshi a hannu, wai an ƙwace mishi WhatsApp ɗin kasuwa ko Facebook ɗin ƙungiya ya ƙi buɗuwa, in ka bi diddigi kuma sai ka tarar ramin da muka faɗa tun shekarun baya shi suka faɗa. Ni shinkafa muke sayarwa a Birnin Kebbi ni da yayana, mu saro shanshera wajen Suru da Argungu, a kai inji a gyara mu zuba a buhu, kuma rabin cinikinmu yanzu ta waya yake zuwa.

Babban kuskuren da ya fi ci min rai shi ne a buɗe komai na kasuwa da layin yaron shago. Haka muka yi a 2019. Yaron kirki ne, shi ya iya waya, sai muka ce to buɗe muna, ya buɗe WhatsApp Business da Facebook duka da layinshi, har muka buga lambar a jikin buhu da allon ƙofar shago. Da ya samu makaranta ya tafi, ya tafi da layinshi mana, ai nashi ne. Muka sayi sabo muka ci gaba, ba wanda ya tuna da buhunan da suka riga suka bazu gari gari. Shi kuma can waya ta faɗi, bai je ya yi welkom bak an dawo mishi da lambarshi ba ya sayi wani layin, tsohon ya daɗe ba a amfani da shi, kamfanin layi ya sake sayar da lambar ga wani, dama haka suke yi da duk layin da aka yi watsi da shi.

Wata Hajiya daga Gusau da ta taɓa sayen kayanmu ta duba lambar jikin buhu ta tura saƙo, wanda ya amsa bai ce mata ba mu ba ne, ya tura mata akawun, ta tura kuɗin buhu biyar. Sati guda tana jiran mota. Ranar da ta zo shago da kanta, da tsohon buhun a ninke cikin jaka, ta shimfiɗa shi kan teburi ta sa yatsa kan lambar, ta ce "Alhaji wagga ba lambarku ba ce?" Yaya ya daɗe yana kallon buhun bai ce komai ba, sannan ya ce "Hajiya ki yi haƙuri, tamu ce." Ya juyo ya ce min in sa a ɗora mata buhu biyar. Na ce Yaya ai ba mu muka karɓi kuɗin ba, ya ce sunanmu ta gani ta tura. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, don asara ce da kuɗin layi ɗaya zai hana. Facebook ɗin ma da mutanen da muka tara a kai duk ya tafi, tunda lambar sirrin da ake turowa can take zuwa.

Abin da nake yi yanzu, layin kasuwa da sunan mai kasuwa da NIN ɗinshi ake rajista, wayar kuma a durowar shago take kwana, ba a aljihun kowa ba. Duk farkon wata ina sa mata kati in yi kira ko guda ne. A WhatsApp na kunna tabbatarwa mataki biyu, wanda za ka sa fin mai lamba shida, a Facebook kuma mu biyu ne admin, ni da Yaya, yaro in zai riƙa sa hoto a ba shi dama iya ta sa hoto. Kuma don Allah duk wanda ya kira ya ce ka karanto mishi lambobi shida da suka shigo wayarka, ko ya ce daga ƙungiyar manoma yake ko za a sa ka a tallafi, ɓarawo ne, kashe wayarka. Biyu cikin mutum ukun nan da na faɗa da bakinsu suka karanta. Lambobin kwastomomi kuma ina rubuta su a littafi duk Juma'a, wasu na min dariya, amma ranar 4 ga Oktoba 2021 da Facebook da WhatsApp suka ɗauke kusan awa shida, da littafin nan na kira masu jiran kaya.

Na biyu maganar farashi. Wasu ba su sawa sam, a yi tambaya su ce a zo inbos. Haba jama'a, kuna sayar da albasar Aliero ko busasshen kifin Yauri kuna ɓoye kuɗi kamar kayan sata, mutum na Legas ko Kano yana da wasu goma da zai tambaya, ba zai tsaya roƙonka ba. Wasu kuma su sa farashi ba kwanan wata, wanga ma ya taɓa ƙona mu. Bayan cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 lita ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin mota da na inji duk suka tashi, sai ga wani dattijo daga Jega da hoton tallarmu na watan Afirilu a waya, wani ɗanshi ya tura mishi, ya ce shi a haka zai saya. Muka yi ta bayani gaban mutane, ya tafi yana cewa mun yi magana biyu, kuma bai sake dawowa ba. Tun ranar a jikin hoton kanshi nake rubuta kuɗi da kwanan wata da girman buhu, kilo 50 ko 25, don rubutun ƙasa yana iya ɓacewa in an yi ta turawa amma hoto yana yawo shekara. In farashi ya canza in goge tsohon a ranar.

Sauran ƙanana ne amma suna kore mutane. Ɗauko hoton shinkafar waje a intanet a ce taka ce, ka ɗebi taka a faranti ka fita rana ka ɗauka, ko da tsakuwa ɗaya ta fito gara a gani. Dogon turanci da masu sayenka ba su ji, kai ma da ƙyar. Sitatus arba'in a rana har ya koma kamar ɗinkin keke, uku sun isa, dama awa 24 zai yi ya ɓace. Jefa mutane a gurup ba ka tambaye su ba. Tura saƙon burodkas na WhatsApp, wato saƙo ɗaya ga mutane da yawa lokaci guda, kana mamakin shiru, alhali mutum 256 kawai yake ɗauka kuma sai wanda ya ajiye lambarka zai gani.

Siyasa kuwa ka kai ta wayarka ta aljihu. Na ga ƙungiyar 'yan kasuwa da sakatarenta ya riƙa sa hoton ɗan takararshi inda ake sa sanarwar taro lokacin zaɓen 2023, rabin mambobi suka fice, har yau ba a gama haɗo kansu ba.

Sai akawun. Ka tsayar da guda ɗaya mai sunan da mutane suka san ka da shi, ba yau na ƙanenka gobe na mai POS ɗin bakin titi ba. Mu yanzu a ƙasan kowace talla muna rubuta sunan akawun ɗin, mu ce in an turo maka wani suna daban kar ka tura ko sisi, ka kira Alhaji tukuna.