Yadda ake kafa eriyar rediyon tauraron ɗan adam a saman mota

Direban da ke doguwar tafiya a Amurka ko Kanada ya san halin tashoshin FM. Kana tsaka da jin labarai, ka yi tafiyar awa ɗaya, sai murya ta fara shashsheƙa har ta ɓace, ka koma laluben wata tasha. Wannan ne ya sa direbobin tirela da masu tasi da dama suka koma wa rediyon tauraron ɗan adam, wanda tasha ɗaya za ta raka ka daga gabashin ƙasar har yammacinta. Kamfanin SiriusXM ne ke riƙe da harkar a can. Asali kamfanoni biyu ne: XM da ya fara watsa shirye-shirye a 2001, da Sirius da ya biyo baya a 2002, suka haɗe a 2008. Kuɗi ake biya kafin a buɗe maka tashoshin.

Kafin mu yi nisa, ga wata magana ga wanda ke gida. Motoci da yawa da ake shigowa da su daga Amurka ta Kwatano ko Legas suna da maɓalli a rediyonsu mai rubutun SAT ko XM, ga kuma 'yar eriya a bayan rufi. Wannan maɓalli ba zai yi aiki a Kano ko Maraɗi ba, komai ƙwarewar mai rewaya, domin taurarin kamfanin Arewacin Amurka kawai suke haskawa. Kada ka ba kowa kuɗinka a kan zai buɗe maka shi. Afirka ta taɓa samun nata irin wannan rediyo, wato WorldSpace na Noah Samara, ɗan asalin Habasha, wanda aka harba masa tauraron AfriStar a 1998, amma kamfanin ya durƙushe a 2008. Saboda haka bayanin da ke tafe na 'yan'uwa ne da ke zaune a Amurka da Kanada.

Abin da eriyar take bukata

Taurarin suna can sama da layin ikwaita, wato layin da ya raba duniya gida biyu, arewa da kudu, nisan kilomita 35,786 daga ƙasa, suna aiko da saƙo a kan mita 2320 zuwa 2345 MHz. Kafin saƙon ya iso saman motarka ya yi rauni ƙwarai, kuma ba ya ratsa ƙarfe, ba ya ratsa kankare, ko ganyen itatuwa masu duhu suna rage masa ƙarfi. Ba kamar farantin talabijin ba ne da sai an saita shi ya fuskanci wuri guda. Wannan eriya tana karɓa ta kowace fuska, tunda mota juyawa take yi. Bukatarta ɗaya ce: ta ga sama fili, babu abin da ya tare ta. Da yawa daga masu kukan cewa rediyonsu na yankewa, ba rediyon ne ke da laifi ba, wurin da suka ajiye eriyar ne.

Ka kuma riƙe wannan: tunda taurarin suna saman ikwaita, ga mutumin da ke Amurka suna ta kudu da shi. Gwargwadon yadda ka yi arewa, gwargwadon yadda suke yin ƙasa-ƙasa a sararin sama. Wanda ke Kanada ya fi wanda ke kudancin Amurka bukatar kula da wurin kafawa.

Zaɓen wuri

Eriyar ƙarama ce, tafin hannu zai rufe ta, da mayen ƙarfe a ƙasanta da doguwar waya siririya mai kusan mita 6 zuwa 7. Wurinta saman rufin mota ne, a waje. Na san da yawa suna ɗora ta a kan dashbod don gudun wahalar jan waya, to amma rufin motar da kansa zai tare mata rabin sama, kuma wasu gilasan masu duhu ko masu ɗumama kansu suna da ƙarfe a jikinsu da ke kashe sigina. A ganina wannan asarar kuɗin da kake biya ne kawai.

A ƙaramar mota, ka sa ta a tsakiyar faɗin rufi, ko dai sama da gilashin baya ko sama da na gaba. A jif ko bas, ƙarshen rufi ta baya ya fi sauƙin jan waya. A a-kori-kura, saman kan motar kusa da gilashin gaba. Ko'ina ka zaɓa, ka bar mata ƙarfe shimfiɗaɗɗe aƙalla inci 3, wato kusan santimita 8, ta kowane gefe. Wannan ƙarfen da ke kewaye da ita ba don mannewa kaɗai yake ba, yana taimaka mata wajen karɓar saƙo. Ka nisanta ta da kariyar ɗora kaya, ka kuma ba ta tazarar inci 3 ko fiye daga kowace eriya.

Ka fara gwada rufin da ɗan mayen ƙarfen da ake mannawa a firji. Idan bai kama ba, rufin alminiyom ne ko roba. Misali, Ford F-150 tun daga ƙirar 2015 jikinta alminiyom ne. A irin wannan sai ka nemi abin mannewa mai gam fuska biyu wanda aka yi don wajen mota. In rufin gilashi ne, ka nemi sashen ƙarfen da ya rage a gabansa ko bayansa.

Direban tirela kuwa nasa daban ne. Akwatin da yake ja ya fi kan motar tsawo, don haka duk lokacin da ya miƙi arewa, taurarin suna bayansa, akwatin ya tsaya tsakani. Shi ya sa ake yi musu eriya mai sanda da ake ɗaurewa a ƙarfen madubin gefe, a ɗaga ta yadda za ta leƙo sama sosai.

Gwaji kafin jan waya

Wannan mataki ne da ake yawan tsallakewa, alhali shi ne ke hana aiki biyu. Ka fitar da motar fili, nesa da dogayen gine-gine da inuwar itace. Ɗora eriyar inda ka zaɓa, ka zuro wayar ta taga haka nan, ka soka ta a mazaunin rediyon tauraron, wato ɗan rediyo na daban da ake sakawa a cikin mota, ka ba shi wuta daga soket ɗin kunna taba. Ka shiga saitin rediyon ka nemo ma'aunin sigina. Za ka ga layi biyu: ɗaya na tauraro, ɗaya na ƙasa, domin a manyan birane kamfanin yana da na'urori a ƙasa masu maimaita saƙon saboda dogayen benaye. Na tauraron za ka duba. Na ƙasa yana iya cika a cikin gari ya ruɗe ka, sai ka fita daji ka gane wurin da ka zaɓa bai yi ba. Ka juya motar ta fuskanci gabas, yamma, kudu da arewa, kana duban layin. Idan ya faɗi a fuska ɗaya kawai, akwai abin da ke tare eriyar a jikin motar. Matsar da ita ka sake gwadawa.

In ka gamsu, ɗaga ta, ka wanke wurin, ka goge shi da tsumma mai tsabta har ya bushe. Ƙwayar yashi ɗaya a ƙarƙashin mayen ƙarfe ta isa ta karce fenti, tsatsa ta samu ƙofa. Ka ajiye ta a hankali, kuma duk lokacin da za ka gyara mata zama, ɗagawa za ka yi, ba ja ba.

Jan waya

A nan haƙuri yake. Wayar nan ba irin ta fitila ba ce. A cikin eriyar akwai 'yar na'ura mai ƙara ƙarfin saƙo, kuma ta wannan wayar take samun wuta daga rediyo, ta nan kuma saƙon yake saukowa. Idan ta lanƙwashe sosai, ko ƙofa ta datse ta, ko ka yanke ka ɗaura da salatif, aikin ya lalace. In ta yi maka gajarta, akwai wayar ƙari da aka yi musamman dominta. In ta yi tsawo, naɗe ragowar sako-sako ka ɓoye ƙarƙashin kafet.

Mu ɗauki ƙaramar mota da aka sa wa eriya sama da gilashin baya. Daga eriyar, ka kai wayar kai tsaye zuwa robar da ta zagaye gilashin. Ka ɗauki tsohon katin banki, ka ɗan ɗaga leɓen robar da gefensa, kana tura wayar ciki da yatsa kaɗan-kaɗan, kana bi har ka sauko kusurwar ƙasa. Kada ka sa sukundireba, zai yaga robar ko ya karce fenti. Daga nan ka shigar da ita cikin robar bakin but. Ka bar wayar ta ɗan sauka ƙasa kafin ta juya ta shiga ciki, saboda ruwan sama bin waya yake yi. In ta shiga daga sama a miƙe, ruwan zai biyo ta har cikin but. Ka rufe but ɗin a hankali ka buɗe, ka duba ko ya bar shaidar matsa a jikin wayar.

Daga but ka zuro ta ta gefen kujerar baya, ka bi ƙarƙashin robar dokin ƙofa, wadda galibi da hannu ake ɓalle ta a mayar, har zuwa gaba. Abubuwa biyu ba a wasa da su a nan. Na farko jakar iska, wadda ke kumbura ta kare mutum lokacin haɗari: a motocin zamani akwai ta a gefen rufi da ginshiƙan da ke tsakanin gilasai, kuma wayar da ta gitta ta gabanta tana iya hana ta buɗewa daidai ranar da ake bukatarta. Duk inda ka ga an rubuta SRS ko AIRBAG, ka kauce masa. Na biyu ƙafar direba: kada waya ta yi lilo kusa da birki ko totur. Ya fi kyau ka bi da ita ta ɓangaren fasinja. Ka kuma kula da layin ƙarfen da kujera ke gudu a kai, yana cin waya.

Kan wayar ɗan ƙarami ne, turawa ake yi a miƙe har ya zauna. Kada ka murɗa shi, kada ka ja shi ta waya in za ka cire.

Buɗe tashoshi da jin sauti

Ka kunna rediyon a fili. Tasha ta 1 ta gwaji ce, tana kamawa ko ba ka biya ba. In ka ji ta, eriyarka ta yi. Tasha ta 0 za ta nuna maka lambar rediyon, wadda za ka bayar ta intanet ko ta waya a lokacin biyan kuɗi. Bayan nan ka bar shi a kunne, motar tana fili, kamar minti 15, har saƙon buɗewa ya sauko.

Wajen kai sauti ga lasifikan mota, wayar AUX, wadda ake sokawa daga rediyon zuwa ramin da aka rubuta wa AUX a motar, ta fi komai tsabta. In motar ba ta da ramin, rediyon yana iya aika sautin ta FM, sai ka nemi mitar da babu tasha a kanta ka saita su biyun a kai.

In ya ci gaba da yankewa

Ka fara bambance irin matsalar da kunnenka. Saƙon tauraro ko dai ya zo tas ko ya yi shiru, ba ya shashsheƙa. Idan kana jin ƙara ko muryar wata tasha tana kutsowa, matsalar FM ce: ka shigo garin da ke da tasha a kan mitar da ka zaɓa, sai ka sauya wata. Idan shiru yake yi, duba allon. "Check Antenna" na nufin rediyon ba ya ganin eriyar sam, wato kan wayar ya zare ko wayar ta karye a wani wuri. Fara da bakin but da dokin ƙofa. "No Signal" ko "Acquiring Signal" kuwa na nufin eriyar lafiya lau take, sama ce ba ta gani. A ramin ƙarƙashin ƙasa, ko garejin bene, ko gindin dutsen da ke kudu da kai, wannan ba abin gyara ba ne, zai dawo da ka fito. A ƙarƙashin gajeriyar gada kuwa, sau da yawa ba za ka ma ji ya yanke ba, don rediyon yana ajiye sautin 'yan daƙiƙoƙi a gaba.

Lokacin sanyi, ka share ƙanƙarar da ta taru a kan eriyar da hannu, kada abin kankare gilashi ya kamo wayar. Haka in za ka shiga injin wankin mota mai burushi, ka duba ta bayan ka fito, domin burushin yana iya ture ta daga wurinta ko ya zaro wayar daga cikin roba.