Idan ma'aikaci ya ji rauni wurin aiki: awa 48 ne

Ƴan uwa masu gareji, gidan burodi da wuraren gini a nan Damagaram, ku riƙe wannan. Dokar ƙwadago ta Nijar ta ba mai wurin aiki awa 48 ya sanar da haɗarin ga CNSS (asusun inshorar ma'aikata na ƙasa) da sufeton ƙwadago. Haɗarin hanya tsakanin gida da wurin aiki ma yana ciki, ko bisa kabu-kabu ne.

A kai mutum likita ranar, ko da raunin ƙarami ne, a karɓo takardar da ta faɗi irin raunin da kwanakin hutu. Nan ake yawan tafka asara: a kai shi wurin mai ɗori, bayan sati uku hannu ya kumbura, ba takardar da ke nuna cewa wurin aiki abin ya faru.

Cikin sanarwar a rubuta rana, lokaci, wuri, injin da ya yi raunin, sunayen shaidu, da lambar CNSS ta ma'aikacin. Ku aje kofi mai hatimi.

In maigida ya ƙi, ma'aikacin ko iyalinsa suna iya kai sanarwar da kansu. Kada a yarda da «mu sasanta a gida». Kuɗin hannu ba ya ɗaukar naƙasa.