Yadda Ake Gano Dalilin Fizga da Yoyon Baƙin Mai a Injin Tsohuwar Mazda MX-5

Mazda MX-5 ta farko, wadda aka fara nunawa a bikin baje kolin motoci na Chicago a watan Fabrairun 1989, ita ce ake kira Miata a Amurka, a Japan kuma Eunos Roadster, kuma wadda ta fi ƙuruciya a cikin wannan zubin ta fito ne a 1997. Ƙarfen injinta yana da juriya ƙwarai, amma robobi da gasket da wayoyin da ke jikinsa sun sha zafi na shekaru masu yawa, shi ya sa koke biyu suka fi yawa a bakin masu ita: motar tana fizga idan an taka totur, kuma ana tarar da ɗigon baƙin mai a inda ta kwana. A wannan injin sau da yawa matsalolin biyu tushensu ɗaya ne, kuma wanda ya fahimci haka zai kuɓuta daga sayen kayan da ba su lalace ba. Inji iri biyu ne aka sa mata, mai lita 1.6 da aka fara da shi, sai mai lita 1.8 da ya shigo da samfurin 1994, kuma ya kamata ka san wanne ne naka tun kafin ka ɗauki sifana.

Abu na farko shi ne ka tuƙa motar da niyyar saurare, domin lokacin da fizgar ke zuwa shi ne ke nuna ɓangaren da za a bincika. Ka sa giya ta huɗu kana tafiya a hankali, sannan ka danna totur sosai. Idan motar ta yi ta tsalle-tsalle kafin injin ya ɗauka, zargi ya fi karkata ga wuta, wato fulogi da wayoyinsu da kwayil, saboda a lokacin da silinda ta cika da matsi ne tartsatsi ke shan wahalar tsallake bakin fulogi. Idan kuwa tana tashi lafiya amma ta shaƙe a sama, kamar ana riƙe ta, to a dubi fetur ko toshewar salansa. Wadda ke rawa a silo, wato lokacin da injin ke aiki ba a taka totur ba, amma ta daidaita da zarar an ba ta wuta, galibi iska ce ke shiga ta wata kafa. Akwai kuma abin da ba laifin inji ba ne sam: idan ƙarar injin na hawa amma gudun motar bai ƙaru ba, kulocin ne ya cinye.

Bayan injin ya huce, ka buɗe bonet ka zaro wayoyin fulogi ɗaya bayan ɗaya, kana riƙe da hular robar, kada ka ja wayar kanta. Fulogin nan huɗu suna zaune ne a cikin ramuka masu zurfi a tsakiyar murfin saman injin, tsakanin kamshaf biyu, kuma gasket ɗin murfin shi ne ke hana baƙin mai gangarawa cikin ramukan. Idan ya bushe ya ƙage, man yakan tsiyaya ya taru a ƙasa. Haska tocila a ciki: za ka iya ganin kan fulogin a nutse cikin mai, doguwar hular da ka zaro kuma ta jiƙe, bakinta ya kumbura ya yi laushi, wani lokaci har da siririn baƙin layi a jikin farin tangaran ɗin fulogin, wanda shi ne hanyar da wuta ta riƙa bi tana tserewa zuwa ƙarfen inji maimakon ta ƙona fetur. Duk wanda ya ga wannan ya riga ya sami dalilin fizgar da ɗaya daga cikin hanyoyin yoyon a lokaci guda.

Kada ka kwance fulogin alhali man yana cikin ramin, domin zai kwarara cikin silinda tare da duk ƙasar da ta taru. Ka tsotse shi da sirinji da ɗan siririn tiyo, ka goge da tsumma mai tsabta, sannan ka kwance. Jera fulogin bisa lambar silindarsu ka kwatanta su. Launin toka-toka ko ruwan ƙasa mai haske alamar lafiya ce, baƙin toka busasshe yana nuna fetur ya yi yawa ko wuta ta yi rauni, wanda kuwa bakinsa na ciki ya jiƙe da mai yana nuna man yana shiga ɗakin ƙonewa, kuma wannan magana ce daban da za mu dawo kanta. Tazarar bakin fulogi milimita 1.0 zuwa 1.1 ce. Wayoyin fulogi a wannan motar sun yi suna wajen saurin mutuwa, kuma a ganina idan mai ya taɓa jiƙa su, ko ba a san shekarunsu ba, canza su gaba ɗaya ya fi wanke su. Idan kana son shaida, ka tayar da injin a wuri mai duhu ka fesa wa wayoyin ruwa kaɗan. Mai yoyon wuta za ta nuna shuɗin tartsatsi, injin kuma ya ƙara rawa.

Kwayil biyu ne ke ba silinda huɗun wuta, ɗaya yana ɗauke da ta 1 da ta 4, ɗayan kuma ta 2 da ta 3. Saboda haka idan fulogi biyu na rukuni ɗaya ne suka yi baƙi tare, kwayil ɗinsu ne abin zargi. Kada a juya injin alhali an cire wata waya an bar ta a sake, domin hakan na ƙona kwayil.

Canza gasket ɗin murfin aiki ne mai sauƙi, amma a nan ne ake yawan yin ganganci. A kankare tsohon gam tas, a goge fuskokin biyu har su bushe, a ɗiga gam kaɗan a kusurwoyin da gasket ke hawa kan mazaunin kamshaf kawai, ba a shafe shi ko'ina ba. A ɗaure kusoshin daga tsakiya zuwa waje, sannu a hankali, domin ƙarfin da suke bukata bai wuce Nm 5 zuwa 9 a ma'aunin ƙarfin ɗaure kusa ba, kuma wanda ya matse su da ƙarfin tsiya zai murƙushe sabon gasket ko ya cinye zaren alminiyon. A wannan zaman ne ya dace a zaro ɗan bawul ɗin PCV da ke jikin murfin, wanda ke fitar da tururin da ke taruwa cikin injin, a girgiza shi. Idan bai yi ƙara ba ya toshe, kuma toshewarsa tana tara matsi a cikin injin har ya riƙa turo mai ta kowane sil mai rauni, ta yadda za a yi ta canza gasket yoyon yana dawowa.

Sauran yoyon kuwa ba a gano shi a kan inji mai dauɗa. Baƙin mai yana gangarowa ƙasa, iskar tafiya kuma tana kora shi baya, don haka inda yake ɗiga da wuya ya zama inda yake fitowa, kamar rufin ɗakin da ke yoyo a kusurwa alhali ɓular tana can sama. A wanke injin da maganin cire maiƙo, a kare soket-soket na wuta daga ruwa, a bari ya bushe, a yi ɗan gajeren zagaye, sannan a bi sawun man da tocila daga sama zuwa ƙasa har a kai wuri mafi tsayi da ya jiƙe. Fesa farar hoda a wurin da ake zargi tana fito da sawun sarai. Idan za a shiga ƙarƙashin motar, a ɗora ta a kan matokarai masu ƙarfi, kada a dogara da jak kaɗai.

Wurin da ya fi yaudarar mutane shi ne bayan kan injin, inda sansar kamshaf da ake kira CAS take. A inji mai lita 1.6 tana bayan kamshaf na ɓangaren shigar iska, a mai 1.8 kuma tana bayan na ɓangaren salansa. Ɗan zoben roba guda ne ke tare mai a wurin, kuma idan ya bushe, man yakan bi bayan injin ya sauka kan mahaɗar inji da giyabos ya ɗiga daga can, sai a yanke hukuncin cewa babban sil na bayan karanshaf ne ya mutu, a sauke giyabos a banza. Ka zura hannu ƙarƙashin sansar ka shafa. Idan yatsunka suka fito da ɗanyen mai, zoben ne. A mai 1.8 man yana zuba ne a kan tiyon ruwan hita da ke ƙasa, kuma idan ka matsa tiyon ka ji ya kumbura ya yi taushi, ka canza shi nan take, domin fashewarsa a hanya tana zubar da ruwan lagireto har injin ya yi zafi.

Kafin ka kwance sansar, ka yi mata alama da ƙarfe mai tsini a daidai inda take zaune, domin juya ta shi ne ke saita tayimin ɗin wuta, kuma kuskure kaɗan a nan zai haifar da sabuwar kasala a totur. Bayan an mayar, a bari injin ya ɗumama, a haɗa ramukan da aka rubuta TEN da GND a cikin ɗan akwatin gwaji da ke ƙarƙashin bonet da guntuwar waya, a haska fitilar tayimin a kan fulin karanshaf. Abin da kamfani ya tsara shi ne digiri 10 kafin fistin ya kai ƙololuwa, silo kuma kusan juyi 850 a minti.

Idan man yana fitowa ne daga ƙasan murfin bel ɗin tayimin a gaba, to sil na kamshaf ko na gaban karanshaf ne, kuma a canza su tare da bel ɗin, wanda ake sauyawa duk mil 60,000. Masu motar 1990 da farkon 1991 su tsaya su kalli fulin karanshaf yayin da injin ke silo. Waɗannan suna da gajeren hancin karanshaf, ana gane su da ramuka huɗu a fuskar fulin maimakon takwas, kuma idan babbar kusar ta yi sako-sako, ramin ɗan ƙarfen da ke kulle fulin da karanshaf yakan cinye har tayimin ya zame baya. Alamarsa ita ce fulin yana layi, motar kuma ta rasa ƙarfi a ƙasa a hankali ba tare da fulogi ko waya sun nuna laifi ba. Wannan ba a jinkirta shi. Bayan haka a duba gindin filtar mai, da sansar matsin mai, da washar kusar juye mai. Sai duk waɗannan sun fita daga zargi ake kama sil na baya, kuma ko a nan a sansana man tukuna, domin man giyabos yana da wari mai kaifi da ba ya ɓoyuwa.

Idan wuta ta tabbata lafiya kuma fizgar ba ta tafi ba, a koma kan iska da fetur. A bi bututun da ya taso daga ma'aunin iska zuwa bakin totur, da ƙananan tiyo-tiyon da ke jikin manifol, ana lanƙwasa su don tsagar da ta ɓuya ta buɗe, domin duk iskar da ta shiga bayan ma'aunin kwamfutar motar ba ta san da ita ba, sai fetur ya yi kaɗan. Ma'aunin iska na mai 1.6 irin mai ƙyaure ne, kuma wajen cire soket ɗinsa ƙaramar wayar maƙalli ake ɗagawa. Wanda ya kwance sukurori biyun da ke gefe ya ja, zai tsinke haɗin da ke ciki ya kashe ma'aunin. Filtar fetur tana ƙarƙashin motar ta baya kusa da tanki, inda ake mantawa da ita shekara da shekaru, kuma a saki matsin fetur kafin a taɓa ta. Sansar zafin ruwa da ke bayan kan injin ma tana iya yi wa kwamfutar ƙarya, musamman idan matsalar tana zuwa ne da sanyi kaɗai ko da zafi kaɗai. Motocin Amurka daga 1996 suna karɓar na'urar karanta lambobin matsala ta OBD-II, waɗanda suka gabace su kuwa fitilar gargaɗin injin ce ke ƙifta lambar idan an haɗa TEN da GND.

Motar da ta daɗe tana misin, wato wata silinda ba ta ƙona fetur yadda ya kamata, takan tura ɗanyen fetur cikin salansa har ya narkar da matatar hayaƙin da ke ciki, don haka idan an gyara wuta amma har yanzu tana shaƙewa a sama, a duba can. Fulogin da bakinsa ya jiƙe da mai, tare da shuɗin hayaƙi, shi ne ke kai mu ga gwajin matsin silinda, wanda ake yi da ɗumin inji, totur a buɗe, an katse fetur da wutar kwayil. Bambanci tsakanin silinda mafi ƙarfi da mafi rauni kada ya wuce psi 28 a ma'aunin matsi. Idan ɗaya ta faɗi, a zuba mata cokali guda na baƙin mai a sake gwadawa: idan matsin ya tashi, zobban fistin ne suka cinye, idan kuma bai motsa ba, bawul ne ko gasket ɗin kan silinda, kuma a wannan matakin ne kawai ake da hujjar buɗe injin.