Yadda za ka zana barkwancin Star Wars da Hausa

Kafin ka taɓa fensir, ka kalli fim ɗin har sai ka kusa haddace shi. Wanda ba ya son fim ba ya iya tsokanarsa, zagi kawai zai yi, kuma mai karatu yana ganewa tun shafin farko. Wannan na koya daga MAD, mujallar barkwanci ta Amurka da ta fara fitowa a 1952. Star Wars ya fito a 1977, ba a daɗe ba suka kwaikwaye shi da zane, suka kuma bi sassan da suka biyo baya.

A kallo na biyu ka riƙe biro. Duk inda ka ce "to wannan kuma fa?", rubuta. Sojoji fal cikin farin sulke suna ta harbi, amma jarumi ko ƙwarzane. Tashar yaƙi a sararin samaniya mai girman wata, rami ɗaya ya tarwatsa ta. Nan dariyar take. Zaɓi fitowa biyar ko shida ka jera su yadda fim ɗin ya jera, sauran ka bar su.

Fuska ce aikin gaske, a nan nake so ka daɗe. Mort Drucker, wanda ya shafe shekaru sama da 50 yana yi wa MAD zane, yakan ƙara wa haɓa ko hanci tsawo, amma kallo ɗaya za ka gane ɗan wasan. Abu ɗaya za ka ɗauka a jikin mutum ka zuzuta shi, kamar gashin Gimbiya Leia da aka naɗe gefe da gefe sai ka ce alkaki. In ka zuzuta ido da baki da kunne gaba ɗaya, kama ta ɓace. Darth Vader, mugun fim ɗin, ba wuya, hular ta gama maka aiki. Yara a unguwar Gangare ta Jos nake fara nuna wa zanena ba rubutu. In ba su faɗi sunan ba, sabon zane.

Daga nan ka sauko da labarin zuwa Jos. Numfashin Vader, murar sanyin Disamba ce ta kama shi. Jirgin Han Solo ya zama tsohuwar tasi daga Terminus zuwa Bukuru, sai an tura take tashi. Ana tsaka da faɗa a ɗauke wuta, takobin haske ya mutu. A bayan fage ka cusa ƙananan abubuwa, mai shayi, ɗan acaɓa, don mai karatu ya sake dubawa. Addini da ƙabila kuwa kada ka kusance su, mutumin Jos ya san dalili.

Sunaye ka sauya su, tambarin fim kada ka ɗora, hoto kada ka kwafa. Lauyoyin George Lucas, wanda ya ƙirƙiri Star Wars, sun taɓa aika wa MAD takardar gargaɗi kan kwaikwayon fim ɗin, ashe shi Lucas ya riga ya rubuto wasiƙar yabo ga Drucker da marubuci Dick DeBartolo. Kwafinta aka tura wa lauyoyin, magana ta mutu. Kai ba ka da irin wannan wasiƙa a aljihu.

Magana a cikin da'ira ta zama gajera, ka fara rubuta ta kafin ka zagaye. Ka bi zanen da baƙar tawada mai kauri, domin siririn layi ɓacewa yake a injin hoto-kwafi. Buga shafi ɗaya ka duba tukuna kafin ka biya kuɗin sauran.