Yadda Ake Ɗaukar Hoton Bangon Cikin Ido da Kyamarar Hannu ga Masu Ciwon Suga

Ciwon suga yana lalata ƙananan jijiyoyin jini da ke retina, wato shimfiɗar da ke can ƙuryar ido mai karɓar haske, kuma yakan yi shekaru yana ɓarna mai ciwon bai ji zafi ba, bai ga canji a ganinsa ba. Saboda haka ake son a duba idon mai ciwon suga nau'i na biyu tun ranar da aka gano ciwon, mai nau'i na ɗaya kuma bayan shekara 5, sannan a maimaita duk shekara. A da, sai an je babban asibiti a zauna gaban na'urar da aka kafa a kan tebur. Yanzu akwai kyamarori da ake riƙewa a hannu, irin su Optomed Aurora ta Finland da Remidio ta Indiya wadda ake haɗawa da wayar salula, waɗanda ma'aikacin lafiya da aka horar zai iya ɗauka zuwa ƙaramin asibitin ƙauye.

Kafin komai, a auna ƙarfin ganin kowane ido daban da allon haruffa, a rubuta. Sai a rage hasken ɗaki, a rufe tagogi, a bar mutum ya zauna kamar minti 5 domin ƙofar baƙin idonsa ta buɗe da kanta. Idan ta ƙi buɗewa, kamar yadda yakan faru ga tsofaffi da waɗanda suka daɗe da ciwon, ana ɗiga maganin tropicamide a jira minti 20 zuwa 30. Wajibi ne a gaya wa majiyyacin cewa zai ga hazo-hazo na wasu sa'o'i, don haka kada ya tuƙa mota ko babur, kuma ya dawo nan take idan idon ya yi ja yana ciwo mai tsanani.

Riƙon kyamarar ne inda sababbin hannu suka fi shan wahala. A dafa yatsun hannu ɗaya a goshin majiyyaci domin hannun ya daina rawa, a fara daga nesa kaɗan har sai an hango jan haske a tsakiyar baƙin ido, sannan a matso a hankali ba tare da an saki wannan hasken ba, har hoton ya cika allon kyamarar. Farin haske mai siffar baka a gefen hoto alama ce ta karkacewar kyamara, inuwa daga sama kuma yawanci gashin ido ne, sai a ɗaga fatar da yatsa. Kowane ido yana buƙatar hoto biyu, ɗaya a kan tsakiyar gani, ɗaya a kan inda jijiyar gani ta shigo, kuma yana da kyau a dakata kaɗan kafin a koma ɗaya idon, domin walƙiyar farko takan tsuke ƙofar duka biyun.

A cikin hoton ana neman ɗigon jini, da ƙananan jajayen kumburi a jikin jijiyoyi, da tabo mai ruwan ɗorawa, da fari mai kama da auduga. Sababbin jijiyoyi sirara da suka tsiro a hargitse, ko tabo kusa da tsakiyar gani, suna buƙatar a tura mutum wurin likitan ido cikin gaggawa, a asibitin koyarwa mafi kusa ko Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, inda aikin hasken leza ko allurar cikin ido za ta iya tsare abin da ya rage na gani.

Abin da na fi jin tsoro shi ne hoton da bai fito ba. Yanar ido takan tare hanya, hoton ya yi duhu, ma'aikaci ya ce bai ga komai ba, majiyyaci kuma ya koma gida yana murnar idonsa lafiya. Irin wannan a rubuta shi a matsayin wanda ba a iya karantawa ba, a ba mai shi takardar zuwa wurin likita, a karɓi lambar wayar wani ɗan uwansa domin a bibiya ko ya je.